Takunkumin 3M 6200 a filin fasa ɓaraguzai: abin da yake tarewa da inda ya gaza

Duk inda aka rushe gini, kafin ƙura ta lafa masu sana'a sun iso. Wasu rodi suke nema, su fasa ginshiƙi da rufin kankare da guduma, su zare ƙarfen su kai wa 'yan gwangwan. Wasu bulo suke tsincewa, su kankare tsohon simintin da ke jikinsa su sake sayarwa. Abin da ya rage a loda shi a tifa a kai ciko, ko a zuba a injin niƙa ya fito tsakuwar shimfiɗa hanya. Wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya ga yawan mutanen da ke cin abinci ta wannan hanya. Sana'a ce ta halal mai rufin asiri. Raunin da kowa ya sani a cikinta shi ne na ƙusa a tafin ƙafa, da rodi da ya tsaga ƙwauri, da yatsan da guduma ta daka. Na huhu ne ba a gani, kuma shi ne ba ya warkewa. Shi ya sa muka zaɓi mu duba takunkumin roba na kamfanin 3M mai lamba 6200, wanda ake samu a shagunan kayan kariya na manyan biranenmu.

Sai an san ƙurar kafin a san amfanin takunkumin. Kankare da turmin siminti yashi ne da tsakuwa, kuma yashi silika ce. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ce silikar da ke cikin kankare tana kaiwa kashi 25 zuwa 70 cikin ɗari, ta jan bulo har kashi 30. Muddin kankaren yana dunƙule ba ya cutar da kowa. Da zarar an fasa shi, ko an yanka shi da giranda, ko an niƙa, sai ya saki ƙura iri biyu: mai kauri da ido ke gani, wadda hanci da maƙogwaro ke tare akasarinta a fitar da ita da majina da kaki, da kuma mai laushi wadda girman ƙwayarta bai kai maikiron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Ita wannan ta biyun tana daɗewa tana yawo a iska bayan an ga kamar wuri ya washe, ta wuce har can ƙarshen huhu inda jini ke karɓar iska. Jiki ba ya iya narkar da ita, sai ya kewaye ta da tabo, tabo a kan tabo, har huhun ya sandare. Sunan ciwon silikosis. Yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya bayyana, amma inda ƙurar ta yi yawa ƙwarai yana iya kama mutum cikin shekara biyar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Babu maganin da ke goge tabon. Ga shi yana buɗe wa tarin fuka ƙofa, domin mai silikosis ya fi sauran mutane saurin kamuwa da shi kusan ninki uku. Tun 1997 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu.

A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta ƙayyade a 2016 cewa kada abin da ma'aikaci ke shaƙa na wannan ƙura ya wuce maikirogiram 50 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska, a aikin awa takwas. A riƙe wannan lamba, za mu komo gare ta.

Shi takunkumin rabin fuska ne, yana rufe hanci da baki da haɓa. Jikinsa roba ce mai laushi, nauyinsa bai kai giram 100 ba kafin a ɗaura filta. Girma uku ne: 6100 ƙarami, 6200 matsakaici, 6300 babba. Yana da bawul biyu na shigar iska a kumatu, da ɗaya na fitarta a gaban baki, da maɗaurin da ke zama a tsakar kai, da wani da ake maƙalawa a bayan wuya. Kowane ɓangare ana sayar da shi daban: bawul ɗin fitar iska 6889, na shiga 6893, zoben robar da filta ke zama a kai 6895, maɗaurin kai 6281. Wannan shi ne abu na farko da muka yaba. Kayan da ake iya gyarawa sun fi dacewa da filin da kuɗi ke shiga kaɗan-kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa wajen saye ake yin sa. Takunkumin kansa fanko ne, filtar da aka ɗaura masa ce ke aikin, kuma masu shago da dama sukan haɗa wa mutum shi da gwangwanin 6001 mai baƙin layi, saboda ya fi cika ido. Wannan gawayi ne a ciki, an yi shi don tururin fenti da tina. Ƙurar kankare ratsa shi take yi. Abin da mai fasa ɓaraguzai ke buƙata filtar ƙura ce. A lambobin Amurka ita ce 2091, mai kama da faifai, launin ruwan hoda, an rubuta P100 a jiki, tana tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka fi wuyar kamawa. A lambobin Turai takwararta ita ce 2135 mai alamar P3. Akwai kuma masu ƙoƙon roba mai tauri, 7093 ta Amurka da 6035 ta Turai. A ganinmu masu ƙoƙon sun fi dacewa da wannan aiki, ko da sun ɗan fi tsada. Mai faifan a buɗe take: tartsatsin giranda yana huda ta, feshin ruwa yana jiƙa ta, hannu mai maiƙo yana ɓata ta duk lokacin da aka gyara zaman takunkumin. Mai ƙoƙon ta ɓoye takardar a ciki, iska na shiga ta gefe. Wanda aikinsa ya haɗa da fenti ko tina da kuma ƙura, to a ɗora masa filtar ƙura a kan gwangwanin gawayin, ko a saya masa haɗaɗɗiya irin 60921.

Ɗaura filta ba wuya. A daidaita ƙaramin haƙorin da gurbinsa, a murɗa rubu'in zagaye zuwa dama har ta tsaya. Kafin nan a leƙa a tabbatar zoben robar yana nan bai tsage ba, domin yakan faɗi lokacin wanki ba a lura ba, kuma idan babu shi ƙura ta gefen filtar za ta bi. Kullum biyun ake canzawa tare.

Wajen sawa, a ɗora shi a kan hanci da baki, a ja maɗaurin sama ya zauna a tsakar kai, a maƙala na wuya, sannan a ja na sama tukuna kafin na ƙasa. Kada a ɗaure tamau. Matsi mai yawa yana lanƙwasa bakin robar ya buɗe kafa a gefen hanci, ga ciwon kai da zai sa mutum ya cire shi kafin azahar. Daga nan sai gwaji biyu, kuma kowace safiya ne, da duk lokacin da aka cire aka mayar. Na farko, a rufe bawul ɗin gaba da tafin hannu a huro iska a hankali. Takunkumin ya ɗan kumbura ba tare da iska ta fita ta gefe ba. Na biyu, a toshe filtocin, mai faifai da babban yatsa a tsakiyarta, mai ƙoƙo ta hanyar matse murfin, a ja numfashi a hankali. Takunkumin ya lotsa ya manne a fuska. Idan aka ji sanyin iska a gefen ido ko ƙarƙashin haɓa, a sake gyarawa. Idan an gyara sau biyu bai zauna ba, girman ne bai dace ba. Kada a ce ai 6200 na kowa ne. Matashi mai siririyar fuska sau da yawa 6100 ne nasa. Mai fili da ke da hali ya nemi kayan gwajin FT-30: a kifa wa ma'aikaci hula mai rufe kai, a fesa wani ruwa mai ɗaci a ciki, ya yi magana, ya sunkuya, ya juya kai. In ɗacin ya kai harshensa, takunkumin yana yoyo.

A nan ne maganar gemu ta shigo, kuma ba za mu kauce mata ba. Bakin robar fata yake so ya kama. Gashin da ya shiga tsakani, ko da tsiron kwana biyu ne, yana ɗaga shi, kuma ƙurar da muke magana a kanta ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kamfanin da kansa ya rubuta a takardar da ke cikin kwalin cewa kada mai gemu ya dogara da shi. Gashin baki da bai kai layin robar ba ba ya hana komai, amma cikakken gemu da saje suna hanawa. Da yawa daga cikin ma'aikatanmu sun ajiye gemu ne don sunna, kuma ba daidai ba ne a sa mutum ya zaɓa tsakanin addininsa da abincinsa. Mafita ta gaskiya ita ce hular da ke rufe kai gaba ɗaya, mai batir da fanka da ke turo tacacciyar iska, irin su Versaflo na wannan kamfani. Ba ta buƙatar mannewa a fata, sai dai kuɗinta ya ninka na 6200 sau da yawa, kuma tana son caji kullum. Inda ba a iya sayenta, mai fili ya raba aiki da hankali: mai gemu ya tsaya a awo, ko tsintar ƙarfe, ko tuƙi, ko riƙe tiyon ruwa ta ɓangaren da iska ke tasowa, a bar bakin injin niƙa da yankan kankare ga wanda takunkumin ya zauna masa. Mafi muni shi ne a miƙa wa mai gemu takunkumi a tura shi cikin ƙura, yana ganin ya tsira.

Yanzu mu koma ga lamba 50 ɗin nan. Ko da filta tana tare kusan komai, ba a rasa yoyo ta gefen fuska, don haka OSHA ta lissafa takunkumin rabin fuska a matsayin mai rage ƙura sau goma kawai. Idan iskar wurin tana ɗauke da maikirogiram 500, mai sanye da shi yana shaƙar 50, daidai bakin iyaka. Yankan kankare a bushe da niƙa shi a bushe suna iya wuce 500 ɗin. Ke nan duk kyan takunkumin, ba zai ɗauki nauyin filin da ba a zuba ruwa ba. A jiƙa tulin ɓaraguzai tun kafin a taɓa shi, ruwan ya ratsa ciki, ba yayyafin sama ba. A sa feshi a bakin injin niƙa da inda tsakuwa ke faɗowa daga bel. Ga injin yankan kankare, HSE ta ce rabin lita a minti ɗaya a kan faifan ya wadatar, wato jarka mai lita 25 za ta kai kusan minti hamsin ana yanka. A kula, giranda mai lantarki ba a yi ta don ruwa ba, kada a watsa mata. Shara kuma a jiƙa kafin a sa tsintsiya, domin sharar yamma a bushe tana tayar da duk abin da ya kwanta tun safe. Mun san ruwa saye ake yi a wurare da yawa, kuma mai fili zai ga kamar asara ce. Ruwan yana tsawaita kwanan filta, wannan kaɗai ya rage masa wani abu.

Zafi shi ne babban aibinsa a ƙasarmu. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, gumi yana taruwa a ƙasan takunkumin har a ji yana motsi, robar ta riƙa zamewa. HSE ta ba da shawarar kada a wuce awa ɗaya a jere da irin wannan takunkumi mai matse fuska, kuma wannan a ƙasar sanyi ke nan. A tsara hutu: a fita daga ƙurar tukuna, a wanke hannu, a cire, a zubar da gumin, a goge fuska, a sha ruwa. Aiki mai ƙura sosai a yi shi da sassafe, musamman da azumi. Samfurin 6500 da 7500 na kamfanin robarsu ta silikon ce, ta fi laushi da jure zafi, kuma 6500QL yana da maƙalin da ake saki takunkumin ya sauko ƙirji ba tare da an cire hular kwano ba. Mai iya ƙara kuɗi ya duba su, filtocinsu ɗaya ne da na 6200.

Yana kuma danne murya. Kusa da injin niƙa dama ba a jin magana, to da takunkumi sai abin ya ƙaru, kuma mutum zai ja shi ƙasa don ya yi ihu a daidai inda ƙura ta fi yawa. A yi yarjejeniyar alamun hannu tun kafin a tayar da inji, musamman alamar a kashe. Tabarau na kariya a gwada shi tare da takunkumin a shago, domin wasu suna hawa kan hancin robar su bar kafa a ƙarƙashin ido.

Akwai abubuwa biyu a tsohon gini da suka fi silika sharri. Na farko asbesto, wanda aka yi rufi da silin da bututu da shi a gine-ginen gwamnati da makarantu da gidajen ma'aikata na da. Irin wannan falle yakan ƙunshi kashi 10 zuwa 15 na zaren asbesto, kuma kansar da yake jawowa takan ɓoye shekara 20 zuwa 50 kafin ta fito. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Filtar P100 ko P3 tana kama zarensa, takunkumin takarda na asibiti da ƙyalle da rawani ba sa kamawa. Duk da haka kada a ɗauki takunkumin a matsayin izinin farfasawa. A jiƙa fallen, a kwance ƙusoshinsa, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri. Kada ya shiga injin niƙa, kada a haɗa shi da ciko, kada a sayar wa wani ya rufe akurkin kaji. Na biyu hayaƙin yankan ƙarfe da wutar gas. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙarfe mai rufin tutiya kuma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, har a zaci maleriya ce. Filtar ƙurar tana kama wannan hayaƙi, amma a kankare fentin daga layin da za a yanka tukuna. Abin da ba ta kamawa ko kaɗan shi ne iskar guba marar wari da ke fita daga janareto da injin dizal. Ba ta kuma ƙara iskar oksijin. Tsohon tanki, rijiya, shadda, ɗakin ƙarƙashin ƙasa, duk inda oksijin ya gaza kashi 19.5 cikin ɗari, wannan takunkumi ba ya ceton kowa a can.

Sauran haɗurran filin ba ruwansa da su, kowanne da nasa kaya. Takalmi mai farantin ƙarfe a tafinsa saboda ƙusa, ba mai ƙarfe a yatsu kaɗai ba. Abin toshe kunne ga na bakin inji. Allurar tetanos ga kowa. Giranda da murfinta a jiki. Rodin da ke lanƙwashe a cikin kankare yana riƙe da ƙarfi kamar baka, a tsaya ta gefe lokacin yanke shi. Injin da ya shaƙe kuwa a kashe shi, a cire makulli a sa a aljihun wanda zai zura hannu.

Hukuncinmu: ga wanda ke fasa kankare ko aiki a bakin injin niƙa kullum, 6200 da filtar 7093 ko 6035 ya cancanci kuɗinsa, kuma ya fi takunkumin yarwa na N95 ko FFP2, wanda gumi ke laƙwasawa cikin 'yan awoyi, ga wuyar zama daidai a fuska. Ga mai zuwa ɗaukar kaya na ɗan lokaci, na yarwa mai alamar FFP3 mai kyau ya isa. Farashi yana bin dala, don haka a tambayi shago biyu ko uku, kuma a ji tsoron wanda ya yi araha fiye da kima, domin jabu ya cika kasuwa. A duba rubutun jikin filtar: ta Amurka tana ɗauke da sunan NIOSH, hukumar da ke tantance takunkumi a can, da alamar P100, takardar cikin ledar kuma da lambar amincewa mai farawa da TC-84A, ta Turai tana da alamar CE da lambobi huɗu a gefenta da EN 143. Leda ta zo a rufe da kwanan ƙarewar aiki. Bawul ɗin jabu yakan yi tauri ko ya ƙi kwanciya sosai a mazauninsa, a ɗaga murfin a gani kafin a biya. Sayen kayan nan nauyin mai fili ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki a Najeriya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin ma'aikatansu a asusun inshorar ma'aikata na NSITF, kuma cutar da aka samu ta dalilin aiki tana cikin abin da dokar ta ambata.

Filtar ƙura ba ta da ranar mutuwa guda. Ana canza ta idan numfashi ya fara nauyi, ko ta huje, ko ta jiƙe sharkaf. Da hunturu takan toshe da wuri saboda hazo ya haɗu da ƙurar aiki. Inda akwai feshin mai a iska, kamfanin ya ce awa 40 na aiki ko kwana 30, duk wanda ya riga. Kada a wanke ta, kada a kakkaɓe ta a jikin bango, kada a hura mata iskar kwamfaresa. Takardar ciki za ta yage inda ido ba ya gani, numfashi ya yi sauƙi, mutum ya zaci ya gyara ta. Jikin takunkumin kuwa a cire filtoci a wanke shi da sabulu marar maiƙo a ruwa mai ɗumi da bai wuce digiri 49 ba. Don kashe ƙwayoyin cuta, a jiƙa shi a ruwan da aka zuba mililita 30 na bilic cikin lita 7.5, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Fetur da tina suna cinye robar, rana tana busar da ita ta tsattsage. Kowa da nasa, a rubuta suna a maɗauri, domin karɓa-karɓar takunkumi a wurin da ake tari hanya ce ta yaɗa tarin fuka. Mai asma ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya fara sawa, wanda tarinsa ya wuce mako biyu kuma ya je gwajin kaki, ya gaya wa likitan irin aikin da yake yi.

Idan an tashi, takunkumin ne ƙarshen abin da ake cirewa. A tuɓe rigar aiki yana fuska, domin kakkaɓar riga tana tayar da ƙurar yini guda a daidai hanci. Rigar ta kwana a fili, a wanke ta a can. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dutsen zinariya ce da ta shiga gidaje, ta wurin niƙa a tsakar gida da kuma tufafin masu aiki. Ƙurar tsohon fenti da zaren asbesto ma haka suke bin riga su isa ɗakin da yara ke rarrafe. Bayan an goge takunkumin ya bushe, a sa shi a roba mai murfi, kada a rataye shi a ƙusa kusa da inji inda zai kwana yana tara ƙura ta ciki, kada kuma a danne shi ƙarƙashin guduma a cikin buhu, domin bakin robar da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.